Kafin Ki Rina Gashinki Kalar Jan Ƙarfe, Ki Tuna Abin Da Ya Riga Ya Sha

   

Maganarmu ta yau ta gashi ce, kuma na daɗe ina juya ta a raina. Tun bara nake lura da yadda kalar nan ta jan ƙarfe ta shigo mana. Ki je gidan biki, da zarar an shiga ɗaki an sauke mayafai sai kin ga mutum ɗaya ko biyu kansu yana walƙiya ja-ja. Wadda ba ta gane kalar da nake nufi ba, ta tuna wayar wutar lantarki idan an fere robarta, ko kuma sabon kwabo irin na da. Shi kansa sunan kwabo daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe aka aro shi. Kala ce da ta tsaya tsakanin ja da ruwan goro da ruwan ƙasa, kuma ba zan ɓoye muku ba, tana yi wa fatarmu kyau ƙwarai. Baƙa da wankan tarwaɗa da fara duk tana karɓarsu. Don haka ban zo in hana kowa ado ba. Abin da nake son faɗa shi ne, ba daga hoton waya ake zaɓen wannan kala ba. Abin da kika riga kika zuba wa gashinki a shekara ɗaya ko biyun da suka wuce shi zai faɗa miki ko za ki iya, sai kuma aljihunki da lokacinki su faɗa miki ko za ki iya riƙe ta bayan an gama.

Bari in ba ku dalilina. Akwai 'yar ƙanwar mahaifiyata da aka sa wa rana bayan Babbar Sallah. Yarinya ce mai gashi, masha Allah, idan ta tsefe shi har kafaɗa yake sauka. Saura kwana tara a fara biki ta ɗauki hoto a waya ta nufi wani shagon gyaran gashi, ta ce irin wannan take so. Mai shagon ta kalli hoton ta ce ai wannan mai sauƙi ne, zauna. Ba ta tambaye ta komai ba. Da ta tambaya, da ta ji cewa mako ɗaya kacal da ya wuce aka sa wa kan rilaksa, kuma wata huɗu kafin nan an shafa masa baƙin dayis don ya ƙara baƙi da sheƙi.

Aka kwaɓa hodar bilicin da ruwan haɗi mai lamba 40, aka lafta tun daga tushe har jela. Nan da nan tushen ya koma ruwan ɗorawa saboda ɗumin fatar kai yana hanzarta aikin, tsakiya kuwa ta ƙi motsi saboda tsohon dayis. Sai aka ƙara kwaɓi na biyu a zama ɗaya. Da aka zo wankewa gashin ya zama kamar taliyar da ta dahu ta wuce, ana ja yana miƙewa ba ya komawa. Aka sa mataji, ya biyo mataji. Ni ta kira a waya, kuka ya hana ta magana, da ƙyar na ji ta ce, "Yaya, ki zo, gashina ya ƙare." Iyakar abin da muka iya shi ne aka datse abin da ya rage, bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Haka aka yi kamu da ɗankwali a ɗaure tam, aka ɗaura aure, aka kai amarya. Daga baya ta faɗa mini ta fi wata guda ba ta yarda ta kwanta babu hula a gaban mijinta ba. Yanzu gashin ya tofo, alhamdu lillahi, amma kwanakin amarcin da ta yi tana ɓoyon kai sun riga sun wuce. Garin neman gira aka rasa ido.

Abin da ya same ta ba tsautsayi ne kawai ba, yana da dalili, kuma ya kamata kowaccenmu ta san shi. Baƙin gashinmu cike yake da sinadarin melanin, wanda ke ba fata da gashi launi. Idan kika tsoma baƙin yadi a jan rini, baƙi za ki tsamo. Haka gashi yake. Kafin ja ya fito sai an fara cire wani kaso na baƙin, kuma wannan aikin sinadarin haidurojin feroksayid ne, wanda ke cikin farin ruwan nan da ake kwaɓa rini da shi. Lambobin da kike gani a jikin robar, 10 da 20 da 30 da 40, ƙarfinsa suke nunawa: kashi 3, kashi 6, kashi 9 da kashi 12 cikin 100. Idan baƙin gashi ya fara haske, mataki-mataki yake bi. Ja mai duhu ne farko, sai ja, sai ruwan goro, daga ƙarshe ruwan ɗorawa. Masu sana'ar suna ƙirga hasken gashi daga 1 zuwa 10. Namu galibi a 1 ko 2 yake, kalar jan ƙarfe kuma tana wajen 5 zuwa 7. Wato ba sai an kai gashi ruwan ɗorawa ba kafin a samu wannan kala, kuma wannan sa'a ce gare mu. Amma kowane mataki da aka hau, da ƙarfin gashin ake biya.

Shi kuma rilaksa, aikinsa shi ne tsinke wasu ɗaure-ɗaure na cikin silin gashi, waɗanda su ne ke sa shi murɗewa. Da yawansu sodar nan ce da ake haɗa sabulu da ita a ciki. Waɗanda aka rubuta wa cewa babu soda, akwai 'yar uwarta a ciki, ita ma mai ƙarfi ce. Abin da rilaksa ya tsinke ba ya sake haɗewa yadda yake, kuma bilicin ma waɗannan ɗaure-ɗauren yake ci. Kin ga ke nan igiyar da aka riga aka tsinke rabin zarenta ce aka sake ɗora wa kaya. Shi ya sa na ce a fara daga tarihin gashi. Ni a ganina mu kashi uku ne.

Kashi na farko ita ce wadda gashinta bai taɓa shan rilaksa ko dayis ba, ko kuma wanda ya sha ɗin ya riga ya fita an datse, ga shi ba ya karyewa. Ita ce mai hanya a buɗe. Jan ƙarfe mai duhu yana iya fito mata da rini da ruwan haɗi mai lamba 20 ko 30 ba tare da hodar bilicin ba. Idan mai haske take so, a raba aikin zama biyu da tazarar makonni, ana kula da gashin a tsakani.

Kashi na biyu ita ce mai rilaksa, kuma nan mafi yawanmu muke. 'Yar uwa, ki haƙura da hodar bilicin gaba ɗaya. Duk wadda ta ce miki hannunta daban ne, ta saba yi babu abin da ke faruwa, ki gode mata ki ɗauki jakarki. Abin da ya rage miki shi ne rinin da ke zama a bayan gashi ba tare da ya cire baƙinsa ba, wanda ke fita bayan wanki kaɗan, ko kuma jan lalle. Idan kin dage sai rini mai zama, to a bar aƙalla mako biyu tsakaninsa da rilaksa, a yi da ruwan haɗi mai ƙaramar lamba, kuma a gwada a 'yan silalla tukuna.

Kashi na uku ita ce wadda ta sa baƙin dayis, ko baƙin lalle, ko haɗin lalle da baba. Rini ba ya cire rini. Duk jan da aka ɗora a kai, sabon tofo ne kawai zai kama, sai ki tashi da kai mai hawa biyu. Wanda ya sha baba kuwa idan aka yi masa bilicin yakan koma kore-kore. Maganinki haƙuri ne da datsa jela a kai a kai. Gashi kusan santimita ɗaya yake tsawo a wata, wato a shekara guda bai cika taƙi ba. Na san jiran da ciwo, amma ya fi tashi babu gashin.

Yanzu maganar lalle, wanda ni shi nake yi wa furfurata shekara da shekaru. Muna raina shi don a kasuwa muke auno shi da gwangwani, alhali shi ne asalin jan ƙarfen da muka gada. A cikin ganyensa akwai wani sinadari da ake kira lawson, wanda ke kama keratin, wato abin da aka gina gashi da farce da shi. Shi ya sa ƙunshi ke barin fata cikin mako biyu ko uku amma ya zauna a farce sai ya tsiro an yanke. Sai dai mu faɗi gaskiyarsa duka. Lalle ba ya haskaka gashi ko kaɗan. A kan baƙin gashi iyakarsa ya ba ki wani ja-ja da ake gani a rana ko a hasken fitila. A kan furfura ne yake fitowa sosai, kowane farin sili ya koma kamar wayar jan ƙarfe a tsakiyar baƙi, kuma wallahi abin yana da kyau. Wadda furfura ta yi wa yawa tana tsoron ya yi ja da yawa, ta cakuɗa shi da garin filasko, yana sassauta jan ya karkata shi wajen ruwan goro. Wadda ke son ya yi duhu ta ƙara garin baba kaɗan, tana sane da abin da na faɗa a kansa.

Ki tankaɗe lallen da kyau, ki kwaɓa da ruwan shayi mai ɗumi ko ruwa da ɗan lemon tsami kaɗan, don yawan lemon yana busar da gashi. Ki rufe shi ya tsumu na wasu awanni, ki shafa a wankakken kai, ki ɗaure da leda awa biyu zuwa huɗu, sannan ki ɗauraye sosai ki bi da abin laushi. Kada ki tsorata da kalar ranar farko, tana ƙara duhu ta zauna cikin kwana biyu ko uku. Ki kuma sani lalle ya shiga ya shiga ke nan, cire shi aiki ne ja. Idan ana maimaita shi a kan gashin duka kowane wata, jan yana ta duhu har ya bar kalar jan ƙarfe, don haka bayan karo na farko ko na biyu a tushe kawai za ki riƙa sawa. Sannan ki yi hattara da lallen fakiti da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba. Wasu ana zuba musu gishirin ƙarafa don kala ta kama da wuri, kuma idan wannan ya haɗu da feroksayid daga baya gashi yakan yi zafi ya lalace. Tsantsar lalle daga ruwan goro zuwa ja mai duhu kawai yake bayarwa. Duk wanda ya yi baƙi cikin 'yan mintuna, an saka masa wani abu.

Ga wadda gashinta ya ba ta dama, ta yaya za ta zaɓi irin jan da ya dace da ita? Ki bar hoton waya. Da yawan hotunan nan hular gashi ce a kan masu su, wasu kuma filta ce da fitilar ɗaukar hoto. Ki nemi gyale ko ɗankwali uku: ɗaya kalar kirfa ko busasshen dabino, ɗaya kalar sabon kwabo, ɗaya ruwan goro mai haske. Ki tsaya bakin taga da rana babu kwalliya a fuskarki, ki yafa su ɗaya bayan ɗaya kina duba madubi. Wanda ya sa fuskarki ta yi fes shi ne naki, wanda ya sa ta yi toka-toka ki ajiye shi. Idan biyu sun karɓe ki, ki ɗauki mai duhun. Ya fi sauƙin samu a kan baƙin gashi, ya fi daɗewa, kuma idan tushe ya tofo ba ya tona asiri da wuri. Daga duhu ana iya ƙara haske nan gaba, amma gashin da aka ƙona ba shi da gyara sai almakashi.

Kafin ranar rini akwai gwaji biyu da bai kamata a tsallake ba. Na farko na fata ne. A shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko a lanƙwasar hannu yadda takardar cikin kwalin ta nuna, a jira awa 48. Dalili kuwa, yawancin rini mai zama yana ɗauke da sinadarin PPD ko danginsa, har da masu kalar ja. Wannan PPD shi ne ke cikin baƙin lallen da muke yaɓawa a hannu da ƙafa lokacin biki. A Tarayyar Turai doka ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a rinin gashi bayan an haɗa ba, amma a baƙin lalle ana samunsa ninkin haka sau da yawa. Jikin da ya taɓa ƙin sa ba ya mantawa har abada. Don haka idan baƙin lalle ya taɓa yi miki ƙuraje, ko ƙaiƙayi, ko ya tashi ya yi ruwa, rini mai zama ba naki ba ne, ko da shekara goma ce ta wuce. Idan kuma bayan rini fuska ko leɓe ko ido ya fara kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, asibiti za a nufa a take, kada a tsaya shafa man kaɗe. Gwaji na biyu na gashi ne. Ki tattara wanda ya maƙale a mataji, a sa masa haɗin da za a yi miki, a ga kalar da zai bayar da kuma ko zai jure. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Amarya kuma, don Allah, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan za ki yi, ki yi saura wata biyu, yadda ko an samu matsala akwai lokacin gyara.

To an yi, kala ta fito, kin yi kyau. Nan ne aikin ya fara, kuma nan ne masu shago ba su cika yi mana bayani ba. A cikin kalolin rini, ja da danginsa su suka fi saurin koɗewa. Ruwa yana wanke su, rana tana cin su, gashin da aka haskaka kuma ya zama kamar rariya, ba ya riƙe abin da aka zuba masa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Cikin 'yan makonni jan ƙarfen da kika fito da shi zai fara komawa kalar tsatsa idan ba a kula ba.

Ki bar kan kwana biyu ko uku kafin wankin farko da shamfu. Daga nan sau ɗaya a mako ya isa, da ruwa mai ɗan ɗumi. Na san sanyin hunturu yana sa mu so ruwa mai tururi, amma zafi yana buɗe bayan gashi kala ta fice. Ki nemi shamfu mara salfet, wanda aka yi don rinannen gashi. Sabulun salo da sabulun wanki da shamfun amosani duk suna kankare kala da sauri, ki ajiye su. Karkashi kuwa abokinki ne, yauƙinsa yana wanke kai yana warware gashi ba tare da ya busar da shi ba. Kafin wanki ki shafa man kwakwa ki bar shi ya jima, don yana shiga cikin silin gashi yana rage lalacewar da wanki ke jawowa. Bayan wanki abin laushi dole ne, sitimin kuma ko sau biyu a wata. Ki rufe danshin da man kaɗe ko man zaitun, musamman yanzu da iska ke busar da komai. Idan ruwan rijiyarku ko burtsatsenku mai zartsi ne, ki yi ɗaurayar ƙarshe da ruwa mai kyau, don gishirinsa yana taruwa a gashi ya dusashe kala. Akwai abin laushi mai ɗauke da ɗan jan launi, yana farfaɗo da kalar idan ana sawa lokaci-lokaci. Tushe kuma zai buƙaci rini duk bayan mako shida zuwa takwas, kuma a sabon tofo kaɗai, kar a sake bi ta kan tsohon.

Mu da muke rufe kai mun huta da rabin matsalar rana, amma muna da tamu. Kada ki ɗaure jiƙaƙƙen gashi a ƙarƙashin hijabi, ki bari ya sha iska ya bushe. Ki sa hula mai santsi a ciki, don yadin auduga yana tsotse danshi yana gogar gashi. Mai kitso kuma ki ce ta sassauta hannu. Rinannen gashi ba ya ɗaukar ƙananan kitso mai ja, gefen goshi ne ke fara tafiya. Abin miƙar da gashi mai zafi a rage shi iya iyawa.

Na san wata za ta ce, to matar aure fa da wankan tsarki? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma tana cikin lissafin da za ki yi tun farko, don kan da ke shan ruwa a kai a kai kalarsa za ta fi saurin koɗewa. Sai dai wankan ibada ruwa yake nema ya ratsa gashi har tushe, shamfu ba sharaɗi ba ne a ciki. Launin da ya rage a gashi bayan an wanke rini ko lalle kuma ba shi da kauri, ba ya hana ruwa taɓa gashi, don haka ba ya hana alwala ko wanka. Abin da bai halatta ba shi ne mace ta riƙa jinkirta wanka ko tana kakkauce wa ruwa don kada kala ta fita. Idan ado ya fara taɓa sallarki, to ya yi tsada da yawa.

Akwai kuma masu cewa jan gashi na 'yan duniya ne, koyi ne da Turawa. Ni ban yarda da wannan a dunƙule ba. Mun tashi mun ga dattawa da jan gemu na lalle a sahun farko na masallaci, mun ga kakanninmu mata da jar furfura. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, an kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar kansa da gemunsa fari fat, sai Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a canza farin amma a nisanci baƙi. Shi ma Sayyidina Abubakar an ruwaito yana rini da lalle da katam. A kan baƙin rini ne malamai suka yi saɓani, wasu suka ce makaruhi ne, wasu suka ce haramun, amma ga shi baƙin dayis ne muke shafawa hankali kwance muna zargin mai ja. Inda nake tare da masu sukar shi ne wajen niyya da wurin nunawa: adon gashi na miji ne da muharramai da 'yan uwa mata. Kuma ki shawarci maigida kafin ki yi. Ba daɗi ya dawo daga kasuwa ya tarar da wata kala a kanki bai san da zancen ba, ke kuma ki kwana da haushin bai yaba ba.

Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai shi ne yara. Na fara ganin ana rina wa 'yan mata ƙanana gashi don kwalliyar Sallah. Fatar kansu ba ta kai ta ɗauki waɗannan sinadarai ba, su ma kamfanonin rini sukan rubuta a kwali cewa ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne. Ko jan lalle ma ba a sa wa jarirai, don akwai yaran da ake haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, abin da ke da yawa a yankinmu musamman ga maza, kuma lalle yana iya fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara. Sannan idan kika ga gashin yaro ya yi ja da kansa, ya yi laushi yana zubewa, ga kumburin ƙafa, wannan alamar tamowa ce, a kai shi asibiti. Ina jin shi ya sa iyayenmu ba sa son ganin jan kai tun asali, don a idonsu alamar yunwa ce. Idan Hajiya ta yamutsa fuska da ta ga kanki, ki yi mata uzuri.

Kalmata ta ƙarshe ga 'yan uwanmu masu shagon gyaran gashi, na san kuna nan da yawa kuna karantawa. Sana'arku amana ce. Na san haya na jira, kuɗin man janareta na jira, kuma mayar da mai kuɗi a hannu ba abu ne mai sauƙi ba. Amma tambaya uku ba ta cin minti biyu: yaushe rabonki da rilaksa, kin taɓa sa baƙin dayis ko lalle a kai, baƙin lalle ya taɓa yi miki ƙuraje? Idan amsar ta nuna haɗari, ki ce mata, "Hajiya, ba yau ba." Za ta iya fita da fushi, amma ita ce za ta dawo ta kawo miki ƙawayenta. Mu ma masu zuwa mu daina ɓoye gaskiya don kada a hana mu, mu kuma daina bin inda ya fi araha a kan abin da zai zauna a kanmu wata da watanni. Araha ba ta ado.

Wadda gashinta ke da lafiya kuma ta shirya wa hidimar, ta yi abinta, Allah Ya sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wadda nata ya sha rilaksa ko dayis, ga lalle nan, ko ta jira ya tofo. Wadda ta taɓa yi, ta faɗa mana yadda ta kaya da ita, mai daɗi da mara daɗi, don ƙannenmu masu shirin aure su amfana. Kuskuren da ke ciki nawa ne, Allah Ya yafe mana.